Ramukan da Na Toshe a Motar Muntari

Ku da kuke fitowa daga makarantar koyon sana'a ku shigo garejin nan kuna cewa aikin fanel bita ai duka ne kawai, a ba mutum guduma ya yi ta jibgar ƙarfe har ya miƙe, ku samu wuri ku zauna. Ni ne Sada. Shekara arba'in da 'yan kai ke nan ina gyaran jikin mota a garin Katsina, talatin daga ciki a nan bayan Ƙofar Durbi na yi su, ƙarƙashin wannan rumfar kwano. Ba wa'azi zan yi maku ba. Aikin zan gaya maku yadda yake, da abin da ya taɓa jawo mani.

Ƙofar wata akori-kura ce aikin farko da aka yi a gabana, a garejin maigidana Alhaji Mamman, can wajen Gobarau, Allah shi jiƙan shi. Mai motar ya zo yana ta kumfar baki, wai wani ɗan tasi ne ya buge shi ya gudu. Alhaji ya rufe ido, ya shafa ƙofar da tafin hannu daga gaba zuwa baya, ya sake shafowa daga baya zuwa gaba. Sannan ya ce, “Malam, wannan ɗan tasin naka da siminti aka gina shi, kuma a tsaye yake bai motsa ba. Baya kake yi ka gogi ginshiƙin ƙofar gida.” Mutumin ya fashe da dariya, ya ce to a rufa mashi asiri kada labarin ya kai majalisarsu.

Shekara guda cur Alhaji bai bar ni na riƙe guduma ba. Shafa kawai nake yi. Duk motar da aka jawo, sai ya tsayar da ni a gabanta ya jero mani tambayoyi uku: ta ina bugun ya shigo, me ya buge ta, tana tafiya ko tana tsaye. In na kuskure, ranar wankin kayan aiki zan wuni ina yi. Dalilinshi shi ne, lotsawa ta hanyar da ta shiga ta nan take fita. Wanda bai san ta inda bugu ya shigo ba, in ya ɗaga guduma ƙara ɓata ƙarfen zai yi.

Kayan aikin ba su da yawa, sanin su ne da wuya. Guduma uku gare ni: mai faɗin kai ta miƙarwa, mai tsini ta fito da ƙananan lotsawa, da ta katako wadda ba ta barin tabo. Sai doli, wancan dunƙulen ƙarfen da ake tokarewa da shi ta ciki yayin da guduma ke aiki ta waje. Hannun da ke riƙe da doli ba ya ganin komai, da ji yake aiki, kuma shi ne ainihin mai gyaran. Sai wutar gas ta walda, wadda in ka daɗe a wuri ɗaya ƙarfen ya kumbura kamar gurasa. Fila, wannan ƙullun da ake cike lotsawa da shi, ita ce ta ƙarshe, kuma shafa ce ake yi sirara. Ku kuwa yaɓa ta kuke yi kamar masu yaɓen katanga, mota ta fita tana sheƙi, damina ɗaya ta zubo. Wannan ba gyara ba ne, ɓoye laifi ne. Na san bambancin, don na yi duka biyun.

Ƙofar but ta wata Golf ruwan toka ita ta haɗa ni da Muntari. Amalanken shanu ya soke ta a kasuwar ƙauyensu. Muntari direban haya ne, yana ɗaukar fasinja daga gari zuwa ƙauyukan yamma. A Kambarawa yake zaune da matarshi da 'ya'ya uku, da mahaifinshi Malam Isiyaku, da ƙanenshi Sanusi wanda ke ɗinki a bakin titi. Masu mota da yawa aje maka suke yi su tafi. Muntari zama yake yi a kan tsohuwar taya yana kallon hannuna, yana tambaya. Ranar da na gama ƙofar ya tsuguna ya hango ta ta gefe, inda haske ke tona asirin aiki, ya miƙe ya ce, “Malam Sada, wallahi ko wanda ya ƙera ta sai ya rantse ba a taɓa ta ba.” Daga ranar bai sake kai motarshi wani wuri ba. In ya dawo daga ƙauye lokacin damina, sai ya aje mani ƙwan zabi a cikin hularshi, ya ce a kai wa yara. Shekara bakwai muna haka.

Sai ga mummunar shekara. Hanyoyin yamma suka lalace da 'yan bindiga. A tare mota da rana tsaka, a kwashi mutane a shiga daji da su. Direbobi da yawa suka jingine motocinsu, wasu suka sayar suka koma acaɓa. Motar da ba ta fita ba ta buguwa. Sai in yi kwana biyar ban kunna gas ba. Garejin da ke kusa da ni ya rufe, mai shi ya koma sayar da rake. Abin da ya riƙe ni a shekarar shi ne motocin sintiri na 'yan sanda, don su kullum suna daji, kullum a farfashe suke dawowa. Wani Insfekta ne ke kawo su. Ba zan faɗi sunanshi ba, ba zan faɗi ofishinsu ba. Mutum ne mai fara'a, yana kirana Baba Fanel, in lokacin salla ya same shi a nan tare muke yi a kan waccan tabarmar.

Wata motar sintiri da ya kawo mani a tsakiyar shekarar ba zan manta da ita ba. Kwanton ɓauna aka yi masu, wani ƙasurgumin ɗan bindiga da yaranshi suka kashe 'yan sanda biyu a cikinta. Sai da na wanke jini kafin na fara aiki. Ɗaya daga cikin mamatan na san shi, yaro ne mai ladabi, bai daɗe da aure ba. Ina faɗa maku wannan ne don kada ku ɗauka ban san zafin da suke ciki ba. Suka bazama neman ɗan bindigar, shinge ko'ina. Sai labari ya zo masu cewa an ji mashi rauni, kuma za a shigo da shi gari neman magani a cikin Golf ruwan toka. To Golf ruwan toka nawa ce a Katsina? Ku leƙa tasha ɗaya kawai ku gani.

Wata Laraba bayan azahar, Muntari ya taso daga ƙauyensu da gwaggonshi Hurera, tsohuwa mai yanar ido, zai kai ta asibiti. Sanusi na zaune a gaba. Sun kusa gari, a wata kwana mai kwalbati, sai ga mutane huɗu sun fito daga cikin sabara da bindigogi, ba kaki a jikinsu, ba mota a kusa. A shekarar nan doka ɗaya duk direbobi suke bi: ka ga bindiga a kan hanya ba kaki, kada ka tsaya. Muntari ya taka mota ya wuce su. Suka buɗe wuta. Motar ta faɗa rami. Muntari da gwaggo Hurera nan take suka cika. Sanusi harsashi ya same shi, aka kai shi asibiti da ankwa a hannu, daga can aka wuce da shi ofishin 'yan sanda.

Washegari da safe ina shan koko a nan na ji sanarwa a rediyo. Wai an yi musayar wuta da masu kai wa 'yan bindiga bayanai, motarsu ta yi kan jami'ai za ta take su, ana harbi daga cikinta, an kashe biyu an kama ɗaya. Ban san su wa ake nufi ba sai da wani direba ya shigo yana salati. Kwana uku aka yi kafin a ba da gawarwakin. Na je jana'iza a Kambarawa. Tsohuwar da ba ta iya bambance ɗanta da baƙo sai ya yi magana, ita ce aka ce infoma.

Malam Isiyaku bai yi shiru ba. Tsohon malamin firamare ne, ya san takarda. Ya samu wata lauya, yarinya ce amma ba ta da tsoro, suka rubuta koke. Aka yi ta magana a gari, har aka ce za a kafa kwamiti ya binciki lamarin, kuma kwamitin zai je ya duba motar.

Kwana biyu da jin haka, da hantsi, Insfekta ya tsaya a bakin garejin nan. Muka gaisa, ya tambayi iyali, na tambayi aiki. Ya ce, “Baba Fanel, kwaso kayanka har da gas. Wannan aikin a wurinmu za a yi shi.”

A bakin ƙofar ofishin aka karɓi wayata, aka ce haka dokar take. Ya zagaya da ni baya, gindin wata bishiyar dalbejiya, ya yaye tamfol. Tun kafin ya gama yayewa na gane ta. Ƙofar but ɗin nan ni na miƙar da ita da hannuna.

Na yi abin da aka koya mani, na shafa. Rami goma sha huɗu. Tara a ƙofar but, uku a kwankwason dama ta baya, biyu a gefen rufi, sun shigo a karkace daga baya. In harsashi ya huda ƙarfe, leɓen ramin yana lanƙwashewa ne ya bi inda harsashin ya nufa. Na sa yatsa a kowane ɗaya. Duka sha huɗun ciki suka lanƙwashe, babu ko ɗaya da ya fito waje. Na zagaya gaba. Bonet lafiya lau, sai 'yar lotsawar da ramin da ta faɗa ya yi mata a ƙasa. Gilashin gaba ko tsagewa bai yi ba.

Na ce, “Ranka shi daɗe, wannan motar ba ta fuskanci kowa ba. Wucewa ta yi. Kuma ba a yi harbi daga cikinta ba.”

Ya ce, “Baba Fanel, an tambaye ka?”

Na ɗauke hannuna daga jikin motar.

Ya sassauta murya. “Oga ne ya ce a gyara ta a mayar wa iyalinshi, su samu abin neman abinci. Taimako ne. Ko so kake marayu su karɓi mota da ramukan da suka kashe ubansu?”

“To kwamitin da aka ce zai zo fa?”

“Sun riga sun gani. An ɗauki hotuna.” Ya dube ni ya ƙara da cewa, “Ƙanen nan nashi yana hannunmu. In maganar nan ta lafa, da wuri zai fita. Kuma ka san Muntari ya cika zama garejinka. Akwai masu tambayar wa ke gyara wa mutanen nan motoci. Ni na ce masu Baba Fanel namu ne, a ƙyale shi.”

Zan iya ce maku na yarda da maganar hotunan. Ƙarya ne, ban yarda ba. Na dubi bayan ofishin, na ga tagogin ɗakunan da ake tsare mutane, na tuna wayata na bakin ƙofa kuma ba wanda ya san inda nake. Na sauke tukunyar gas.

Ga yadda ake toshe ramin harsashi, tunda sana'a kuka zo koyo. Ka cire rufin ciki. Ka tokara doli, ka dawo da leɓen ramin da guduma mai faɗi har ya kwanta. Wannan bugun shi ke share hanyar da harsashin ya bi, daga nan ba mai iya cewa ta ina ya shigo. Ka yanko ƙyallen ƙarfe daidai bakin ramin, ka ɗiga mashi walda kaɗan-kaɗan, kana bari yana hucewa. Ka goge, ka shafa fila sirara, ka bi da samfefa, sai fenti. Haka na yi wa biyar ɗin kwankwaso da rufi. Ƙofar but kuwa Insfekta ya ce ramukan sun yi yawa, a canza ta gaba ɗaya. Suka kawo wata ja daga wurin masu kayan tsofaffin motoci, da gilashinta. Na ɗaura, na fesa mata ruwan toka ta waje. Tsohuwar ƙofar na jingine ta a jikin bango na tafi sallar la'asar. Da na dawo babu ita. Kujeru wani suka kawo ya canza, ban san shi ba, ba mu ko gaisa ba.

Kwana uku na yi. Cikin shekara arba'in ban yi aikin da ya fi wannan tsabta ba. Hannu ba ya sanin abin da ake sa shi, yadda ya saba haka yake yi.

Kwamitin bai taɓa ganin motar ba sai bayan sati biyu. Suka tarar da Golf lafiyayya. 'Yan sanda suka ce ai tayoyi suka harba da tagogin gefe, lokacin da motar ta yi kansu. Lauyar ta ce ƙarya ne, mutanen da suka fara isa wurin sun ga ramuka a baya. Aka ce ina mutanen? Duk wanda aka je wurinshi sai ya ce shi bai ga komai ba.

Gari ƙarami ne. Wata safiya ina goge madigadin wata mota, na ɗaga kai na ga Malam Isiyaku tsaye da sandarshi. Na shimfiɗa mashi tabarma. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ina kwana, ina gajiya, yaya ƙarin haƙuri, ya iyali, ya masu jiki. Ya amsa duka a natse. Sannan ya ce, “Malam Sada, an ce kai ka yi aikin.”

Na ce, “Ni ne, Baba.”

Ya jinjina kai. “Hannunka na da kyau. Muntari kullum yana faɗa.” Sannan ya ce, “Ban zo faɗa ba. Ɗana ya tafi, ƙanwata ta tafi, ba za su dawo ba. Amma jikokina ba su iya zuwa makaranta, ana ce masu 'ya'yan infoma. Sanusi na rufe. Abin da idonka ya gani kafin ka toshe, za ka iya faɗinshi a gaban mutane?”

Na ce ya ba ni lokaci in yi shawara. Ya ce, “Allah shi ba mu ikon faɗin gaskiya,” ya tashi. Kwana tara na ɗauka. Ba wanda na yi shawara da shi bai ce mani in rufa wa kaina asiri ba. A na goma na je ofishin lauyar.

A wani ɗaki a saman bene kwamitin ke zama. Mutum uku ne: wani babban jami'i, wani lauyan gwamnati, da wani dattijo da ya yi ritaya, shi ne shugaba. Aka rantsar da ni. Na faɗi komai, ramuka nawa, a ina suke, ina leɓensu ya nufa. Sai lauyan 'yan sanda ya miƙe, yana murmushi.

“Malam, kana da takardar shaidar ilimin harsashi?”

“Ba ni da ita.”

“Ka taɓa harba bindiga?”

“Ban taɓa ba. Amma na san ƙarfe.”

“Ka ɗauki hoto?”

“An karɓe wayata a bakin ƙofa.”

“Wa ya ba ka takardar izinin aikin?”

“Ba a ba ni takarda ba. Insfekta ne ya zo ya ɗauke ni.”

Aka kira Insfekta. Ya rantse, ya ce ya san ni, ina gyara masu motocin sintiri, amma bai taɓa kai ni wurin wannan motar ba. Aka kawo littafin bakin ƙofa, babu sunana a ciki. Lauyan ya juyo ya ce, “To in maganarka gaskiya ce, da bakinka ka ce ka lalata shaida. Ka san laifi ne? In kuma ƙarya ce, ka yi rantsuwar ƙarya. Wanne ka zaɓa?”

Na ce wa shugaban, “Ranka shi daɗe, ba sai an yarda da ni ba. A je a cire rufin ciki, za a ga faci biyar a baya. A buɗe ƙofar but, cikinta ja ne, don ban fesa ciki ba.”

Dattijon ya rubuta, ya ce wannan magana ce mai kyau, sati mai zuwa za a je da ni a duba. Sati mai zuwa ya yi tafiya. Na bayansa babban jami'in ba shi da lafiya. Sai aka shiga azumi. Da aka dawo, aka ce an kwashe motocin da ke ofishin an kai babban wurin ajiya. Lauyar ta je can, aka ce ba ta iso ba. Ta koma ofishin, aka ce ta tafi. Daga ƙarshe aka rubuto cewa an haɗa ta cikin tsofaffin motocin da ba masu su an yi gwanjonsu, bisa kuskure, kuma ana ba da haƙuri. Iyalin da aka ce don su ake gyaran ko makullinta ba su gani ba.

Kwamitin ya gama zama ya miƙa rahoto. Har yau ba wanda na sani da ya karanta shi. Mutum huɗun da suka yi harbin aka yi masu canjin wurin aiki, ba a kai ko ɗaya kotu ba. Ɗan bindigar da ake nema, bayan wata biyar aka ji abokan gabarshi sun kashe shi a daji. Bai taɓa jin rauni ba, bai taɓa shigowa gari a Golf ba. Rediyon da ya kira Muntari infoma shi ya ba da wannan labarin, kuma bai koma ya gyara maganar farko ba. Matar Muntari ta kwashi 'ya'yanta ta koma garin iyayenta. Malam Isiyaku duk Litinin sai ya sa farar rigarshi ya je ya zauna a bencin ofishin nan na saman bene, yana tambayar rahoto. A ce mashi oga bai shigo ba, ya yi godiya ya dawo. Haka ya yi ta yi har ƙafa ta gaza, kuma bai ga damina ta gaba ba.

Ni kuwa motocin sintiri suka daina zuwa, wannan na san za a yi. Abin da ban zata ba, direbobin tashar su Muntari su ma suka ɗauke ƙafa. A wurin waɗancan ni ne wanda ya tona, a wurin waɗannan ni ne wanda ya toshe, kuma duka ba su yi ƙarya ba. Sai da na yi kusan shekara biyu ina walda ƙofofin gida da kujerun makaranta kafin motoci su fara dawowa. Don haka in wata rana aka ce ku kwaso kayanku aiki a wurinmu za a yi shi, ku tambayi wace mota ce tun kuna bakin garejinku, a gaban mutane. Ban ce wannan zai cece ku ba. Na dai san in kun riga kun shiga an karɓi waya, tambaya ta ƙare.

Sanusi wata goma sha ɗaya ya yi a rufe. Ba a taɓa karanta mashi tuhuma ba. Wata rana aka buɗe ƙofa kawai aka ce ya tafi, kuma kada a ji bakinshi. Ya fito ya tarar an binne mahaifinshi. Bayan sati guda ya zo nan da safe. Da ƙyar na gane shi, ya rame, yana tafiya a karkace. Na miƙe, don na ɗauka ranar da nake jira ce ta zo, kuma na yi niyyar duk abin da ya ce in karɓa.

Ya gaishe ni kamar yadda ake gaida babba. Ya zauna. Ya ce, “Baba, an ce ka je ka faɗa masu.”

Na ce, “Na je. Bayan na riga na ɓata.” Na ce mashi, “Sanusi, da ban toshe ramukan nan ba, da wataƙila ba ka kai wata sha ɗaya ba. Da wataƙila Malam ya ga an wanke sunan ɗanshi. Ka yafe mani in za ka iya.”

Ya dube ni kamar na faɗi wani abin mamaki. Sai ya juya mani baya, ya ɗage rigarshi. Ga tabo nan ƙasa da kafaɗar dama, ƙarami, zagayayye, ya lotsa ciki. Ya juyo, ga wani a gaba ƙarƙashin haƙarƙari, babba, a yage.

Ya ce, “Wannan ba ka toshe shi ba, ko? Ta baya ya shiga, ta gaba ya fita. Likita ya gani. Ranar da aka kai ni gaban kwamitin na tuɓe riga a gabansu, su ukun, na juya masu baya kamar yadda na juya maka yanzu. Dattijon har tasowa ya yi ya sa tabarau ya duba.”

Na ce, “Me suka ce?”

Ya saki rigar ta sauka. “Suka ce in sa rigata, akwai mata a ɗakin.”